Karaya, Sanyin Gwiwa da Dafa Dutse: Amsoshin Tambayoyinku

Wata ɗaliba daga Talata Mafara ta rubuto cewa sau biyu tana zana jarrabawar shiga jami'a maki bai kai ba, yanzu ko littafi ta ɗauka sai gabanta ya faɗi. Gwaggonta ta ce mata ta karaya, yayanta kuma ya ce ta sare. Tana son sanin ko duk ɗaya ne.

'Yata, suna kusa da juna amma akwai tazara. Karaya 'yar uwar karyewa ce, irin ta ƙashi. Wanda ya karaya yana iya kasancewa a fage har yanzu, zuciyarsa ce ta riga shi fita. Wanda ya sare kuwa, a kunnena, ya riga ya yanke wa kansa hukunci ya tattara kayansa. Tunda har kina ɗaukar littafin, gwaggonki ta fi yayanki kusa da gaskiya, kuma karaya ai tana da maɗori.

Ki lura da inda Bahaushe ya ajiye wannan ciwo: a gwiwa. Muna cewa gwiwarsa ta yi sanyi, an kashe masa gwiwa, an ƙarfafa masa gwiwa. Gwiwa ce ke ɗauke da mutum in zai miƙe, ita ce kuma ke fara rawa in tsoro ya shiga. Sai gaba, wato ƙirji: "Faɗuwar gaba asarar namiji", ko hwaɗuwag gaba kamar yadda bakin mutanenmu na yamma ke faɗi. Kada kalmar namiji ta sa ki cire kanki, jarumta ake nufi. Mace ma ana cewa ta yi namijin ƙoƙari.

Wani malamin makaranta daga Jega ya kawo ƙorafi. Ya ce "Mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa" ita ke koya wa mutanenmu naɗe hannu, a zauna ana jiran ikon Allah.

Malam, ban yarda ba, kuma hujjata tana cikin karin maganar kanta. Dubi aikatau: dafa aka ce. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan tukunyar ganda ya san dahuwa ba zama ba ce. Ana iza wuta, ruwa ya tsotse a ƙara, itace ya ƙare a nemo kara, hayaƙi ya cika ido a share a koma. To ina ga dutse? Inda ka yi gaskiya shi ne mun cusa abubuwa biyu a cikin kalmar haƙuri. Akwai dangana, wadda ake yi kan abin da ya wuce ba ya dawowa, kamar rashi. Akwai kuma juriya ko jimiri, wanda ake yi kan abin da ake ciki. Matsalar ita ce mutum ya yi dangana a wurin da juriya ta kamata, ya yi wa burinsa zaman makoki alhali bai mutu ba.

Ga Gwandu nan ba nisa da ku. A ƙarshen 1804 Gobirawa sun yi wa jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, mahaddata Alƙur'ani da yawa suka kwanta dama. A 1805 aka sake cin su a Alwasa, aka bi su har Gwandu. A nan suka dake har suka kore maharan, kuma Alƙalawa, babban birnin Gobir, ba ta faɗi ba sai 1808. Wanda ya auna lamarin da yammacin ranar Alwasa cewa zai yi an gama.

Sai wani matashi mai koyon walda a Ƙaura Namoda, wanda maigidansa ya ce masa "naci, damben kuturu". Yana tambaya yabo ne ko zagi.

Ɗana, duka biyun, amma yabon ya rinjaya. Ɗan dambe yana naɗe hannu da zare ya dunƙule, da naushi ɗaya mai kyau sai ya yi kisa, wato ya kai abokin karawarsa ƙasa. Wanda cuta ta cinye wa yatsu ba shi da wannan dunƙulen, don haka makaminsa shi ne komawa, a ture shi ya dawo, har abokin karawar ya gaji. Maigidanka yana cewa hannunka bai faɗa ba tukuna, amma ba ka gudu. Ka dai kiyaye inda za ka maimaita ta. Karin maganar kakanninmu ba ta jin nauyin ambaton lalura, mu kuwa ya kamata mu ji, balle cutar kuturta yau tana da magani.

Naci yana zama aibi in kan mutane ake yin sa, kamar mai roƙon da an ce babu ya ƙi tashi, shi ake ce wa ya cika naci. Kan karatu da sana'a kuwa ba na jin wani ya taɓa tsine masa. Ka kuma tambayi bambancinsa da taurin kai. Mai naci in ɗinkin ƙarfen ya ɓalle yakan duba ko wutar ce ta yi yawa, ko bai goge tsatsar ba, ya gyara ya sake. Mai taurin kai yadda ya yi jiya haka zai yi yau, ko maigida ya nuna masa ba zai duba ba.