Zara, Gamzaki da Kaza Mai 'Ya'ya: Amsoshin Tambayoyinku

Tambayoyin wannan mako duk sama suka dosa. Ta farko daga wata baiwar Allah ce a unguwar Nima ta birnin Akra. Ta ce: "Allah ya gafarta Malam, na taɓa kai yarana wani ɗaki mai zagayayyen rufi, aka kashe fitilu, aka haska mana taurari a jikin rufin, wani yana nuna su yana ba da labarinsu. Da muka dawo kakarsu ta tambayi inda muka je, na rasa sunan da zan faɗa mata. Me za a kira wannan wuri da Hausa?"

Hajiya, Allah ya saka miki da alheri da kika kai su. Irin wannan ɗaki a Jamus aka fara shi. Kamfanin Zeiss na garin Jena ne ya ƙera na'urar farko a 1923, aka buɗe wa jama'a ita a birnin Munich a 1925. Na Akra kuwa, wanda Dakta Jacob Ashong ya kafa, a 2009 aka buɗe shi.

Na ji wasu suna cewa "ɗakin ilimin taurari". Ban so wannan ba. A kunnen Bahaushe, musamman tsoho, mai ilimin taurari shi ne wanda ake zuwa wurinsa a buga ƙasa, a duba ranar aure ko ranar tafiya. Kika ce wa kaka kin kai jikokinta ɗakin ilimin taurari, salati za ta sa. "Falaki" ta fi tsabta, sai dai kalmar zaure ce, malamai suka fi saninta.

Ni abin da ya kwanta mini a rai shi ne "majigin taurari". Duk wanda ya manyanta ya san majigi: mota ta zo gari da yamma, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, bayan isha'i a haska hotunan noma da tsabta, yara sun zauna a ƙasa baki buɗe. Asalin kalmar daga sunan wata tsohuwar fitilar haska hoto ta Turawa ne, amma ta daɗe da zama 'yar gida. Bambancin kawai, wannan majigin a rufi ake haska shi. Rufin ma muna da sunansa, tulluwa, kuma lanƙwasassun ginshiƙan da ke ɗauke da irin wannan rufi magina na kiransu bakan gizo. Wanda ya shiga tsohon masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya ɗaga kai, ya gane abin da nake nufi. Tun can maginanmu daga sama suka aro sunan rufi. Ki ce wa kaka kun je kallon majigin taurari a ɗaki mai tulluwa, za ta gane sarai.

Hajiyar ta ƙara da cewa mai bayanin ya nuna musu wani ɗan gungun taurari, ya ce 'yan mata bakwai ne da wani maharbi yake bi, ta ce ko mu ma muna da wannan labari.

Wannan tatsuniyar Girkawa ce, kuma ba laifi yara su ji ta. Amma gungun nan muna da sunansa tun kaka da kakanni: kaza da 'ya'yanta, wasu su ce kaza mai 'ya'ya. Ki dubi yadda sunan ya dace. Taurari ne ƙanana, a cure wuri guda, suna ƙyal-ƙyal kamar 'yan tsaki sun kewaye uwarsu a gindin rumbu. Wanda ya raɗa sunan nan ya kalli sama da kyau, ya kuma kalli tsakar gida. Larabawa na kiransa Surayya, sunan da muke sa wa 'ya'yanmu mata. Japanawa na cewa Subaru, shi ya sa kike ganin taurari shida a tambarin motar nan. Abin da ya fi ba ni sha'awa, manoman Faransa ma da sunan 'yan tsaki suka san shi.

Ido yakan ƙirga shida, mai kaifin gani ya samu bakwai, amma da madubin hangen nesa sun haura dubu. Hasken da ke isowa idonki daga gare su ya yi tafiyar shekara fiye da 400. Lokacin ganinsu da dare shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Maris, idan hazo ya yi sauƙi. Wajen watan Mayu sai su ɓuya cikin hasken rana, su sake ɓullowa gabas da asuba a watan Yuni, daidai lokacin da manomi ke ta kallon gabas. In kin sake kai su, ki raɗa wa yaran sunan namu tun a cikin duhun ɗakin, kafin na Girkawa ya riga shi zama a kansu.

Sai wani malamin firamare daga Maraɗi: "Malam, ɗalibaina sun tambaye ni me ya sa ake cewa Zara matar wata, kuma mene ne bambancinta da Gamzaki. Shin ita ce a cikin karin maganar nan, zara ba ta barin dami?"

Malam, bari in fara da ta ƙarshe don ta fi sauƙi. Ba ita ba ce. Zarar da ba ta barin dami daga "zare" take: yau a zare zangarniya ɗaya, gobe a zare biyu, kafin a ankara dami ya ƙare. Gargaɗi ne ga mai cin jari da mai taɓa ajiya. Zarar sama kuwa baƙuwa ce daga Larabci, daga Zuhura, mai haske. Rubutu ne kawai ya haɗa su.

Dalilin auren kuwa, sai an fita waje ake gane shi. Ka tsaya bayan sallar magariba ran biyu ko uku ga wata, ka fuskanci yamma. In lokacinta ne, za ka ga jinjirin wata siriri, kusa da shi ga wata tauraruwa da ta fi kowace haske, ta riga sauran fitowa. Zara ba ta nisa da inda rana ta faɗi, sabon wata ma a nan yake tsayawa, don haka sukan haɗu. Da mutanenmu suka ga haka wata bayan wata, sai suka ɗaura musu aure. Shi ya sa idan ango da amarya suka dace ake cewa kamar wata da Zara.

Akwai wani abu na nahawu a nan da nake so ɗalibanka su lura da shi, tunda suna karatu da Faransanci. A Hausa wata namiji ne, rana mace: wata ya tsaya, rana ta faɗi. Haka yake a Larabci. A Faransanci abin a juye yake, rana ce namiji, wata mace. Saboda haka tatsuniyar da ta yi wa wata mata ba za ta zauna daidai a bakin Bafaranshe ba, kamar yadda labarin Girkawa na cewa wata allahiya ce yake yi wa yaranmu banbaraƙwai. Jinsin kalma ma yana da hannu wajen ƙera tatsuniya.

Gamzaki shi ne babban tauraron asuba, wanda matafiya da masu sammakon gona suka sani. Ana yi wa jarumi kirari da shi, saboda duk taurari sun dushe shi yana nan tsaye har gari ya waye. To ga abin da zai ba yaran mamaki: Zara da Gamzaki abu ɗaya ne. Duniya ce irin tamu, ta biyu daga rana, hasken rana take maidowa. Takan yi kusan wata tara tana fitowa da yamma, ta ɓace 'yan kwanaki, ta koma fitowa da asuba kusan wata tara, sannan ta yi doguwar ɓuya. Zagayen duka kwana 584 ne. Ba ka taɓa ganin Gamzaki da asuba kuma ka ga Zara ta daɗe a sama da yamma a lokaci guda. Ba mu kaɗai muka yi mata suna biyu ba, Girkawan dauri ma haka suka yi. Kada ka ce wa yara kakanninsu sun yi kuskure. Sun ga fitowa biyu, suka ba kowace suna, kuma kowane suna yana gaya maka lokacin da za ka duba da inda za ka fuskanta.

Wani ɗalibi daga Gusau ya ce: "Baba Malam, wanne ne daidai, husufi ko kusufi? Kuma me ake nufi da rana ta kama wata?"

Ɗana, a Larabci an fi ba rana kusufi, a ba wata husufi. A bakin Hausawa kuwa husufi ta mamaye duka biyun, kuma wanda ya ce husufin rana bai yi laifi ba. "Rana ta kama wata" ita ce tamu ta gado. Labarin shi ne wata ya bar hanyarsa ya bi ta rana, ita kuma ta cafke shi. Muna yara, da an ga wata ya fara yin ja, sai mu kwashi gwangwani da tsofaffin kwanoni mu bi unguwa muna kaɗawa, muna roƙon rana ta sake shi, manya kuma su nufi masallaci.

Maganar ba ta yi nisa da gaskiya ba, don lallai da rana a cikin lamarin. Duniyarmu ce ke shiga tsakaninsu, inuwarta ta faɗa kan wata. Shi ya sa ba ya faruwa sai daren sha huɗu ko sha biyar. Na rana kuwa sai ƙarshen wata, lokacin da wata ya gitta tsakaninmu da ita. Ka tambayi manyan gidanku ranar 29 ga Maris 2006, da gari ya yi duhu da hantsi a Gusau da Katsina, kaji suka nufi akurki. Addini kuma ya riga ya yanke camfin, domin ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu an yi kusufi, ya kuma bayyana cewa rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa.

Ta ƙarshe gajeriya ce, daga wata ɗaliba a Katsina, kan "tauraruwa mai wutsiya, ganinki ba alheri ba". 'Yata, ana faɗar haka ga mutumin da ba ya bayyana sai da tashin hankali a bayansa. Ita tauraruwar dunƙulen ƙanƙara ce da ƙura, zafin rana ke fitar mata da wutsiyar, kuma kullum wutsiyar baya take ba rana. Kada ki haɗa ta da wadda ke gilmawa fuu ta mutu nan take, wannan ɗan tsakuwa ne ya ƙone a iska. Mai wutsiya takan yi makonni ana ganinta. Mafi shahara, ta Halley, ta zo a 1910 da 1986, za ta dawo a 2061. Mu dai mun ga ta 1986, in Allah ya ja kwana ke ce za ki ga mai zuwa.