Amsa kan buɗa kwanson .280 Remington ya koma Ackley

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya harba harsashin .280 Remington a bindigarka ta farautar barewa mai ɗakin harsashi (wurin da harsashi ke zama a bindiga) na .280 Ackley Improved, wato samfurin .280 Remington da aka ɗan faɗaɗa, domin ka samu kwansunan da za ka sake ɗurawa da hannu. Za ka iya, domin haka P.O. Ackley, maƙerin bindigogi na Amurka, ya tsara abin tun asali. Idan albarushi ya kama, matsin iska ne ke tura tagullar kwanson ta manne da bangon ɗakin, sai kafaɗar ta fito da kusurwar digiri 40, jikin kuma ya ƙara faɗi.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne kwanson ya zauna daram, har ka ji ɗan tauri lokacin rufe sakatar bindigar. In ya yi lako-lako, tagullar za ta miƙe ta wajen gindi, kuma idan ka ga siririn zobe mai ƙyalli a wurin, to ka jefar da kwanson kafin ya tsinke. Sababbin kwansuna sun fi, tsofaffi kan tsage a wuya. Awon albarushi kuwa, ka bi littafin kamfanin da ya yi shi, ka fara daga mafi ƙanƙanta.