Amsa: fentin rubutun bango yana ɓarewa

Malam, ka ce ka rubuta sunan shagonka a bango kusa da kasuwar Dole a Damagaram, damina ɗaya fentin ya ɓare. Galibi laifin bangon ne. In sabon shafe ne na siminti, a bar shi kwana 28 ya bushe, don ɗanyen siminti yana cin fentin mai. In kuwa akwai farar ƙasa a kai, sai an kankare ta tas, domin fenti ba ya kama ta.

Wanke ƙura, bango ya bushe, ka yi shafin farko mai ruwa-ruwa, washegari ka ƙara. Sannan ka turbuɗa zare cikin bula, ku ja shi ku biyu, ka ɗaga ka saki, layi ya fito a sama da ƙasan inda haruffa za su zauna. Zana haruffa da alli tukuna, ka ja baya mita 10 ka duba. Bar wa lanƙwasar ƙ da ɗ wuri, kada su matse.

Yi aikin da sassafe. Zafin Damagaram na busar da fenti a bakin buroshi, ya bar zane-zane. Ja yana saurin koɗewa a rana, ni baƙi na fi so. Fara rubutu aƙalla mita 1 daga ƙasa saboda feshin ruwan sama.