Na zana iyakar aikin wuyan riga, ta yaya zan cike cikinta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya, ina koyon sassaƙa a kwamfuta da manhajar ZBrush. Ina sassaƙa wani dattijo sanye da babbar riga, kuma ina son aska takwas ɗin da ke ƙirjinsa ta taso sama kaɗan. Nakan zana layin kewayen kowace aska da Mask, sannan in bi cikinta ina gogawa da hannu. Kullum sai na tsallake layi ko in bar ɗigo-ɗigo. Babu hanya mafi sauƙi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwai, kuma wahalar da kake sha ta banza ce. Da zarar layinka ya zagayo ya haɗe, aikin hannunka ya ƙare, sauran na kwamfuta ne.

Amma bari mu fara raba abu biyu da masu koyo ke cakuɗawa. Mask kamar salatif ɗin da mata ke mannawa a ƙafa ne kafin su sa lalle: inda ya rufe, buroshi ba ya taɓawa. Yana zama ne a kan mahaɗan zaren ragar da aka gina siffar da ita, shi ya sa yana iya yin duhu a nan, ya dusashe a can. Ba ya kuma daɗewa. Ka riƙe Ctrl ka ja a filin da babu komai, ya tafi. Shi kuwa Polygroup rukuni ne na gidajen ragar. Gida ko dai yana cikin rukunin ko ba ya ciki, babu rabi-rabi, kuma yana nan har gobe. Aikin da za ka yi ta komawa kansa, irin wuyan riga, rukuni yake buƙata.

To ga yadda nake yi. Zana layin kewayen da Mask kamar yadda ka saba. Danna Ctrl da W, layin zai zama rukuni mai zaman kansa, Shift da F kuma za su nuna maka launinsa. Riƙe Ctrl da Shift ka danna kan layin, shi kaɗai zai saura. Sake dannawa, sai ya ɓuya, sauran jiki ya dawo. Yanzu cikin askar ya zama tsibiri, bai haɗu da komai ba. Ka shiga Tool, ka sauka Polygroups, ka danna Auto Groups. Kowane tsibiri zai samu nasa launi, askoki takwas ɗin a lokaci guda. Daga nan duk wadda kake so ka ware ta, ka rufe sauran da Mask, ka hura ta da Inflate.

Inda ake faɗuwa wuri ɗaya ne: kafa. Idan akwai ko da gida ɗaya da layin bai rufe ba, ciki da waje za su fito da launi iri ɗaya, ka zauna kana zargin manhaja. Wannan ya fi faruwa a bakin aska, wurin da ta yi tsini, da kuma cikin ninkin riga inda ido ba ya kaiwa. Ka yi layin da kauri, gida biyu ko uku, ka juya siffar ka duba ta kowane ɓangare. Idan kuma bakin rukunin ya fito gatsa-gatsa, ragar ce ba ta da yawan gidaje. Ka ƙara mata da Divide kafin ka fara zane, sannan ka gyara bakin da Polish By Groups da ke ƙarƙashin Deformation.

Wanda ke da ZBrush na 2023 zuwa sama yana da Mask Region, wanda kamfanin Maxon ya ƙara don cike wurin da aka kewaye kai tsaye. Yana da sauri. Ni dai na fi son tsohuwar hanya, don ita ce ke bar maka rukuni a hannu.

Tambaya: Malam, mu masu manhajar Blender fa? Kuɗin ZBrush ya fi ƙarfinmu. Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: 'Yar'uwa, ba a bar ku a baya ba. Tun fitowar Blender 2.83 a shekarar 2020 kuke da Face Sets, wato irin rukunin da muka yi bayani a sama. Ki zana kewayen da buroshin Draw Face Sets, ki tabbata ya haɗe. Sai ki buɗe jerin Face Sets, ki zaɓi Initialize Face Sets, sannan By Face Set Boundaries. Duk yankin da ya keɓe zai samu nasa launi. Ki kunna Auto-Masking na Face Sets, buroshinki ba zai ƙara ƙetare iyakar wurin da kika fara dannawa ba. Idan bakin ya yi kaushi, Relax Face Sets da ke cikin Mesh Filter zai daidaita shi, sai dai ki ja a hankali, don yana motsa ragar kanta.