Dalilin dafa ulu da alif kafin rini

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa muke wanke ulu, mu dafa shi a ruwan alif kafin ya shiga jan rini, alhali shuɗin baba ba ya bukatar alif ko kaɗan.

Ulu yana barin jikin tunkiya da maiƙo, kuma muddin maiƙon yana nan, launi zai hau wani wuri ya ƙi wani. Shi ya sa ake wanke shi da ruwan ɗumi ba tare da cuɗawa ba, domin cuɗa tana dunƙule shi.

Ko an wanke shi tas, jan da ake samu daga saiwar wani tsiro mai suna rubiya, wadda ba a tona ta sai ta yi kamar shekara 3 a ƙasa, ba ya kama zare sosai da kansa. Alif ne yake maƙale wa zaren, sannan launin ya maƙale wa alif ɗin. Ka auna alif kamar kashi 15 cikin 100 na nauyin busasshen ulun, domin idan ka cika hannu zaren zai yi kaushi da danƙo. Kada kuma ka bari tukunyar rubiya ta tafasa, don tafasa tana sa jan ya koma launin ruwan ƙasa, kuma a ganina gaggawar hura wuta ta fi rashin kayan kirki ɓata aikin masu koyo.

Shi baba halinsa daban ne. Sai ya ruɓa a ruwa mai toka kafin ya narke, zaren ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi, ya kafe a jikin zaren. Idan kana son ya yi duhu, ka maimaita tsomawa.

Abin da ya sa nake tsanantawa shi ne irin dardumar da muke saƙawa, wadda ake kira kilim a Turkiyya, ba ta da gashin da zai ɓoye aibi. Zaren kwance shi ne zanen, ja yana jingine da fari, kuma idan jan ya zuba a wankin farko, gyaransa yana da wuyar gaske. Saboda haka, kafin ka ɗora zare a masaƙa, ka goga shi da jiƙaƙƙen farin ƙyalle. Idan ƙyallen ya ɗauki launi, ka sake ɗauraye zaren har ruwan ya fito garau.