Waliyyai da namun dawa: akwai tushe?

Malam, ka tambaya ko labarin waliyyan da namun dawa ke zama tare da su lami lafiya yana da tushe, ko hirar fada ce kawai irin wadda muke yi nan Tawa a bakin shayi.

Na annabawa ba gardama. Annabi Sulaimanu ya ji maganar tururuwa, alhudahuda kuma ya kawo masa labarin Saba'u, duk a Suratun Namli.

Na waliyyai kuwa karama ce, sai a duba wa ya ruwaito. Wanda ya fi kama ni shi ne na Rabi'atul Adawiyya ta Basara. An ce tana bisa dutse, bareyi da awakin dawa sun kewaye ta. Hasanul Basari na tunkarowa, suka watse a guje. Abin ya sosa masa rai. Ta ce, "Me ka ci yau?" Ya ce albasa da kitse. Ta ce, "Kana cin kitsensu, ina za su tsaya maka?"

Masana tarihi na shakkar haɗuwar, don Hasan ya rasu shekara ta 110 bayan hijira, Rabi'a tana yarinya. Duk da haka ni kam ina ba yaran unguwarmu labarin, musamman masu yawo da danƙo suna harbin kurciya a bakin tabki.