Zan iya saida Raspberry Pi mai Linux a shagona?

Tambaya: Salam Malam, ina da shagon kwamfuta a Gusau, inaso in riƙa saida ma makarantu ƙananan kwamfutocin nan Raspberry Pi da manhajar Linux ta kyauta a ciki, doka ta yarda in ci riba da abin kyauta?

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa, ta yarda sosai, lasisin GPL, wato ƙa'idar amfani da Linux, bai hana ciniki ba, sai dai duk wanda ka saida ma yanada haƙƙin samun kod ɗin da aka rubuta manhajar da shi har da gyaran da kayi. Ni abinda nafi ji maka shine furosesa, ARM ce irin ta waya, CorelDRAW da sauran manhajojin Windows bazasu tashi kai tsaye ba, kuma don Allah ka gwada ko firintar makarantar zata yi aiki da ita tukunna kafin ka amshi kuɗi. Wuta kam kaɗan Raspberry Pi ɗin take ci, ƙaramin sola ya isheta.